Soso a Gefen Hagu

Talata, da hantsi

Yau aka ɗaura min injin. Ɗan ƙarami ne, bai fi rediyon marigayi Baba ba, da jakarsa da igiyar ratayawa a kafaɗa. Wani siririn tiyo ya fito daga jikinsa ya tafi gefen haguna, ƙasan haƙarƙari, inda aka yanka aka ciro ƙodar da na ba Yaya. Shi ɗinkinsa ya kama lafiya lau, an ce har ya fara zagaya tsakar gidansa. Nawa ne ya kumbura ya tara mugunya, sai da likita ya farke zaren ya wanke, ya bar min rami a buɗe. Ya ce irin wannan ba a sake ɗinke shi, daga ciki zai ciko.

Sista, nas ɗin da asibiti ya haɗa ni da ita, ita za ta riƙa zuwa gida tana canza min. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. Ta fito da soso daga leda, baƙi, mai manyan ƙofofi kamar cikin burodin da yis ya yi wa yawa. Ta auna ramin da ido, ta juya baya ta yanka soson da almakashi can nesa da ni, wai kada ɓurɓushi ya faɗa ciki. Ta cusa shi a hankali, ta rufe da wata leda mai manne da ake ganin komai ta cikinta, ta huda ta, ta liƙa bakin tiyon. Da ta kunna sai na ga soson ya tsuke ya yamutse, fatata ta bi shi.

"Zai riƙa tsotse ruwan ciwon yana tarawa a 'yar gorar nan," in ji ta. "Yana jawo bakin ramin, yana kiran sabuwar tsoka. Ke dai kada ki kashe shi don ƙararsa ta dame ki."

Na ce mata wadda ta tsufa a gidan burodi, ƙarar inji ba baƙuwarta ba ce.

Umma ta fita tun kafin a kwance bandejin. Ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. A ɗakinta aka sa min gado, ita ta koma falo, ta rantse ba zan zauna ɗakin haya ni kaɗai da ciwo a buɗe ba.

Laraba, da yamma

Auta ya zo da kayan aikinsa ya sa min sabon soket daidai kan gado saboda cajin injin. Ya ce, "Gwaggo ta zama waya, sai a riƙa leƙawa a ga ko ta cika." Na yi dariya har gefen ya ja ni. Tun da 'ya'yansu suka fara magana kowa a gidan nan Gwaggo yake ce min, har shi da na goya a bayana.

Ya gyara fanka, ya gyara makullin ƙofar da ba wanda ya ce ya lalace, ya tambaye ni ko ina so a sauya labule. Bai zauna ba. Auta da in ya zo hira sai an kore shi. Na ce ya matso ya ga yadda soson yake ta cikin ledar, abin kallo ne, ya ce ana jiransa a wani gida.

Alhamis, da rana

Injin yana gurnani kamar kyanwar da ta ƙoshi. Can sai ya yi tari, sai ya ci gaba. Ruwan gorar kalar shayi ba madara. Ina kewar zafin tanderu.

Juma'a, da safe

Canjin farko.

Ban san akwai zafi irin wannan ba, ni da aka yi wa tiyata. Sabuwar tsokar ta shiga ƙofofin soson ta riƙe gam, da Sista ta ja sai na ji kamar ana feɗe ni da rai. Na ciji matashi. Jini ya fito. Na kira Umma, ba don ta yi min wani abu ba, bakina ne kawai ya kira ta. Ina jin motsin kwanuka a kicin. Ba ta zo ba.

Sista ta dakata, ta jiƙa wurin da ruwan gishiri, ta jira ya saki. Ta ce, "Yi haƙuri. Namanki ɗanye ne ƙwarai, baƙin ya yi miki kaushi. Ranar Litinin zan zo da fari. Shi ƙofofinsa ƙanana ne, a jiƙe yake zuwa, tsoka ba ta samun wurin kama shi. Kuma in na taso zan kira ki ki kashe injin, kafin in iso ya sassauta."

Ta jera guntayen da ta ciro a faranti ta ƙirga su. Ta ce abin da ya shiga dole ya fito, ba a mantawa da ko ɗaya a cikin mutum. Kafin ta mayar da sabon baƙin sai ta shimfiɗa wata 'yar raga mai santsi a ƙasa, ta ce wannan zai rage.

Bayan ta tafi Umma ta shigo da shayi, idanunta jajur. Ni ce ma na koma ba ta haƙuri.

Asabar, da yamma

Yaya ya aiko da lemo da ayaba. An ce kada ya kusanci mai ciwo tukuna. Na gane.

Lahadi, bayan azahar

Gajera ta zo, abokiyar teburina a gidan burodi. Tana shigowa ɗakin ya cika da ƙamshin yis da man shanu, na kama hannun rigarta ina shinshina, ta ce, "Ke, ciwon ya taɓa kanki ne?"

Ta ce Maigida, mai gidan burodin, ya sa wani sabo a wurina, na ɗan lokaci in ji shi. Wai mutumin ba ya barin kwaɓi ya huta, yana dukansa kamar ya kama ɓarawo, burodin safe ya fito kamar bulo. Mun yi dariya, ni ina dafe da gefe.

Da za ta tafi ta ce, "Duk layinmu maganarki ake. Masu zuwa sayen burodi sai sun tambaya, ina matar nan da ta ba yayanta rai."

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Aurena bai zauna ba, Allah bai ba ni haihuwa ba, na saba a taron dangi a ajiye ni wajen wanke-wanke. Yau sai na ji kamar ni ma na haifi wani abu.

Litinin, da hantsi

Farin soso. Sanyi gare shi, da laushi kamar kwaɓin da ya tashi. Ya kwanta a cikin ramin ban ji komai ba sai sanyin. Sista ta ce wurin ya fara ja, alama ce mai kyau.

Litinin, da la'asar

Matar Auta ta faɗi wata magana.

Talata, da safe

Ban sha shayin ba. Na ce wa Umma cikina ne.

Talata, da yamma

Ina kallon silin. Akwai wani tabon ruwa a kusurwa, tun muna yara yake nan, Yaya yana cewa taswirar ƙasarsa ce, in ya zama shugaba ni ce ministar abinci. Auta ba a haife shi ba tukuna.

Wataƙila ban ji daidai ba.

Laraba, da hantsi

Na ji daidai. Bari in rubuta, ko zai bar yawo a kaina.

Ranar Litinin injin ya kama kuka, tit tit tit, irin kukan da Sista ta ce yana yi in iska tana shiga ta gefen ledar. Ta bar min guntayen leda na faci, amma wurin ta baya ne, idona ba ya kaiwa. Umma ta fita sayayya. Matar Auta ce a gidan, ta kawo wa Umma wanki. Na kira ta.

Ba ta taɓa ganin ciwon ba. Ta durƙusa ta ɗaga min riga, ta ga inda soson ya lotsa cikin jikina, ta saki salati.

"Gwaggo, haka abin yake? Wallahi in na tuna da baban yara za a yi wa wannan, jikina mutuwa yake. Allah dai ya saka wa Umma da ta hana."

Na ce, "Ta hana me?"

Hannunta ya tsaya a kan ledar. Ashe daidai hujin ta danne, injin ya yi shiru.

Ta ce, "Ai... ni na ɗauka an gaya miki bayan an gama."

Ta liƙa facin, ta liƙa shi da kyau ma, ta tashi ta ce ta bar tukunya a wuta.

Mu biyu muka je gwaji, ni da Auta. Matar Yaya jininsu bai zo ɗaya ba, 'ya'yansa kuma ƙanana ne. A asibitin kowa shi kaɗai ake kira a gaya masa sakamakonsa, ba sa faɗa wa wani na wani. Ni aka fara kira, aka ce tawa ta dace. Na fito na jira Auta a mota. Ya daɗe. Da ya shigo na ce, "Yaya ake ciki?" Ya kalli sitiyari ya girgiza kai. Na dafa kafaɗarsa na ce kada ya damu, Allah ya riga ya kawo mafita.

Ni ce na ba shi haƙuri.

Laraba, bayan Sista ta tafi

Kafin tiyata wata likita ta shigar da ni ofis ta rufe ƙofa. Ta ce, "Akwai mai matsa miki? In kina so ki fasa, za mu ce gwaji ne bai yi ba, ba wanda zai san ke kika ƙi." Na yi mata dariya. Na ce, "Likita, ni kaɗai ce na dace, wa zai matsa min? Allah ne ya zaɓe ni."

Maganar Umma ce na maimaita mata. Harafi da harafi.

Alhamis, da rana

Umma tana naɗe zannuwan gado a bakin gadona. Ban shirya ba, maganar ce ta fito da kanta.

"Umma, ta Auta ta dace?"

Ta ci gaba da naɗi. "Wa ya gaya miki?"

"Ta dace?"

"Ta dace."

Na ɗauka za ta musa. Na tanadi maganganu na wanda zai musa, sai na rasa abin yi da su.

Ta ajiye zanen a cinyarta. "Yaransa uku, ƙaramar ko yaye ba a yi ba. Hawa tsani yake, hawa rufi yake. In wani abu ya same shi wa zai riƙe su? Ke kuwa..."

"Ni me?"

"Ke nauyinki da sauƙi."

"Ki faɗa dai, Umma. Ni in na mutu ba mai yin maraici."

"Kada ki sake faɗin haka a gabana. Kina tsammani barci nake yi? Ɗana na fari yana ƙarewa a kan injin wankin ƙoda, ina kallo, ga biyu a gabana dole a yanka ɗaya. Ke da ba ki haifa ba, ba za ki san wannan ba."

Ta ji abin da ta faɗa. Na ga ta ji. Amma ba ta janye ba.

Na ce, "Ba wanda ya ce ki zaɓa. Ni ya kamata a tambaya."

"To da an tambaye ki, me za ki ce?"

"Da na bayar."

Ta sauke ajiyar zuciya, har fuskarta ta saki. Ta ce, "To ai kin gani."

Ta ɗauki zannuwanta ta fita.

Juma'a, da safe

To ai kin gani.

Sista ta zo, ta canza, ta tafi.

Asabar, da yamma

Lemo da ayaba daga gidan Yaya. Na ce a ba maƙwabta.

Litinin, da hantsi

Sista ta ɗaga farin soson ta daɗe tana kallon ramin. Ta ce jan ya koɗe, wurin ya tsaya, bai ciko ko kaɗan ba tun Juma'a.

"Kina cin abinci?"

"Ina taɓawa."

"Injin nan tsotsa kawai ya iya, ba ya ƙera nama. Da abin da kika ci ciwon yake gina kansa. In ya ƙi ciko likita zai mayar da ke asibiti, a sake kankarewa. Kina so?"

Na ce mata, "Sista, in mutum ya ba da abu da hannunsa, amma ƙarya aka yi masa kafin ya miƙa, kyauta ce ko ƙwace?"

Ta kalle ni ta saman gilashinta. Ta kalli ƙofa. Ta ce, "Ni ciwo na karanta. Ki ci ƙwai da wake da kifi, in kin warke sai ki nemi mai amsa."

Ta yanka ledar yau da faɗi fiye da kullum, ta shafa wani abu a fatar da ke kewaye saboda ta fara ja da ƙaiƙayi. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce lambarta a kunne take ko ba ranar canji ba.

Na ci ƙwai biyu. Ba don kowa ba.

Talata, da la'asar

Auta ya zo, ba kayan aiki. Yau ya zauna, a ƙasa, ya jingina da bango kamar lokacin da yake fasa kofi ya zo in rufa masa asiri.

Ya ce matarsa tun ranar ba ta daina kuka ba. Na ce ta share hawayenta, ita kaɗai ce ta gaya min gaskiya a gidan nan, ko da kuskure.

"Gwaggo, wallahi na ce zan bayar."

"Wa ka ce wa?"

"Umma. Ina fitowa daga wurin likita na kira ta. Ta ce in na buɗe baki ba ta yafe min ba."

"Shi ya sa ka daɗe."

Ya sunkuyar da kai.

"Ni ina mota ina yi maka addu'a kada ranka ya ɓaci in taka ba ta yi ba. Ka shigo ka girgiza kai. Ko baki ba ka buɗe ba, don kada a ce ka yi ƙarya."

Ya yi kuka sosai, da majina da komai. Da can kukan Auta ba ya kai minti sai na tashi. Na tsaya ina kallonsa, ina jiran in ji wani abu ya motsa a ƙirjina, sai gurnanin inji kawai.

Ya goge fuska ya ce, "In taki ta samu matsala wata rana, Allah ya kiyaye, tawa tana nan. Ko yau aka ce."

Na ce, "Ka fara neman izinin Umma."

Laraba, da rana

Yaya ya kira. Na bar ta ta yi ta ƙara.

Shi ne ban rubuta komai a kansa ba. Ina ta cewa wataƙila shi ma ɓoye masa aka yi. Mara lafiya ne, yana kwance, wa zai tsaya yi masa bayani. Ina ta faɗa wa kaina haka tun Litinin waccan.

Alhamis, da hantsi

Na koma ɗakina.

Gajera ta zo da tasi. Na rataya injin a kafaɗa, na naɗe tiyon na cusa a ƙugun siket, na sa kwalin soso da ledoji da caja a jakar hannu. Kayan nawa ke nan.

Umma ta tare ƙofar falo. "Haka za ki fita da ciwo a buɗe? Mutane su ce me?"

"Su ce na ji sauƙi."

"Wa zai dafa miki? Wa zai ji in abin nan ya yi kuka?"

Na ce, "Nauyina da sauƙi, Umma."

Ta matsa. Ban waiwaya ba, amma Gajera ta waiwaya, a mota ta ce tsohuwar ta zauna a dokin ƙofa ba ɗankwali. Na ce ta daina ba ni labari.

Matakalar gidan hayar ta kusa kashe ni. Ɗakin yana warin rufi, shukar da ke taga ta bushe. Gajera ta share, ta jawo gado kusa da soket, ta ajiye min burodin sabon mutumin ta ce in ba zan iya ci ba in tokare ƙofa da shi.

Asabar, da safe

Daga tagata ana jin ƙamshin fitowar farko ta gidan burodinmu. Na san tiren da ya ƙone tun daga nan.

Lahadi, da yamma

Na aika wa Yaya saƙo. Na ce ya zo gobe lokacin da Sista take zuwa. Na tambaye ta, ta ce ciwon ya tsabtata yanzu, in ya rufe hanci da baki ya tsaya daga nesa bai taɓa komai ba, babu laifi.

Litinin, bayan azahar

Ya zo. Ya hau matakalar nan bai tsaya hutawa ba, mutumin da wata uku baya sai an riƙe shi zuwa banɗaki. Kumatunsa sun ciko, duhun fuskar ya washe. Na ji daɗin ganinsa haka, na kuma ji haushin kaina da na ji daɗi.

"Mai burodi," in ji shi, ta bayan takunkumi. Shi kaɗai yake kirana haka.

Na ce ya tsaya can jikin taga, inda zai gani da kyau. Na kwanta a gefen dama. Sista ta sa safar hannu, ta fara ɗaye ledar a hankali, tana danne fatar da ɗan yatsa.

Na ce, "Yaya, tun yaushe ka sani?"

Ina so ya ce bayan tiyata. Ko ya ce jiya. Ko ya yi min ƙarya ma, da na karɓa.

Ya ce, "Ranar da sakamako ya fito."

Sista ba ta ɗago ba. Ta zuba ruwan gishiri.

"Na ce wa Umma a gaya miki. Ta ce in kin ji za a shiga ja-in-ja, wannan ya ce wancan, wancan ya ce wannan, ni kuma likita ya ce ba ni da lokaci. Sai na yi shiru. Ina so in rayu, Mai burodi. Ba ni da wata hujja bayan wannan."

"Da za a shiga da mu ka riƙe hannuna a kan gadon turawa. Ka ce duk duniya ni kaɗai Allah ya ba ka."

"Na faɗa."

"Kana sane."

"Ina sane."

Sista ta kama soson da hantsaki ta ɗaga. Ya fito salin alin, ko ɗigon jini babu. Ramin ya bayyana, ja kamar cikin kankana, yana sheƙi. Na ce, "Kalla."

Ya kalla. Zan ba shi wannan, bai kau da kai ba. Ya kalla har Sista ta wanke, ta yanka sabo, ta kwantar, ta rufe, ta kunna. Da soson ya tsuke fatata ta bi shi ciki, sai ya zame ya zauna a ƙasa ƙarƙashin taga.

Ya ce, "Me zan yi? Ki faɗi ko mene ne."

Na yi tunani da gaske, don na so in sami abin faɗa. Ba zai iya mayar min da ita ba, ko zai iya ma ba na so. Abin da nake so shi ne ranar nan a mota ta dawo, a gaya min mu biyu ne, in ce ni zan bayar, da bakina, ina sane. Ita ce ba wanda yake da ita.

Na ce, "Ka tafi gida. An ce kada ka daɗe kusa da mai ciwo."

Laraba, da hantsi

Sista ta ce ramin ya ciko rabi. Soson da ta yanka yau bai fi yatsu biyu ba.

Juma'a, da yamma

Kullum da rana ana ajiye kwanon abinci a bakin ƙofata, a ƙwanƙwasa, in ji saukar takalmin Auta a matakala. Hannun Umma ne, na san yankan albasarta. Ina ci, saboda ciwon. Ina wanke kwanon in mayar waje.

Lahadi, da rana

Gajera ta kasa kallon idona, sai da na matsa mata. Maigida ya ce sabon mutumin ya zauna ke nan, ya koyi barin kwaɓi ya huta. Ni in na dawo teburin naɗi za a ba ni, sa burodi a leda, a zaune. Wai likita ba zai bar ni ɗaga buhun fulawa da manyan tire ba nan kusa, shi kuma tanderu ba ya jira.

Gaskiya ya faɗa, kuma a fili ya faɗa. Na ce ta gaya masa na karɓa.

Da ta tafi na yi kukan da ban yi a gidan Umma ba. Saboda tebur. Tebur fa.

Laraba, da safe

Babu abin rubutawa. Ƙaiƙayi kawai. Sista ta ce ƙaiƙayin warkewa ne.

Litinin, da hantsi

An cire injin.

Sista ta ɗaga ɗan guntun farin soso na ƙarshe, ta danna gefen da yatsa, ta ce nama ya zo daidai da fata, abin da ya rage aikin bandeji ne. Ta kashe injin, ta naɗe tiyon, ta sa a jakarta. Ta ce akwai wani tsoho mai ciwon ƙafa da ke jiransa. Na ce ta gaya masa ya nemi fari tun farko. Ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta.

Na raka ta har ƙasa. Ina ta kai hannu kafaɗa in gyara igiyar da ba ta nan.

Litinin, da yamma

Wayar ta yi ƙara, Yaya ne. Tun ranar da ya zo yake kira, ban ɗauka ba.

Akwai ƙwayoyin da aka ɗora shi a kai har ƙarshen rayuwarsa, safe da yamma. An gaya mana ran da ya yi wasa da su jikinsa zai ga ƙodar a matsayin baƙuwa ya kore ta. Na kuma san Yaya, ko maganin zazzaɓi bai taɓa ƙarasawa ba, da ya ji dama-dama sai ya jefa sauran a aljihun tebur.

Na ɗauka.

"Mai burodi..."

"Ka sha maganinka na yamma?"

"Na sha."

"A kan lokaci?"

"A kan lokaci."

"Gobe zan kira in ji."

"To. Allah ya kai mu." Na ji ya rufe bakin wayar da hannu, na ji wata murya a bayansa. Ya dawo. "Umma tana nan kusa da ni. In ba ta?"

Na ce, "Ba yau ba."